Watan da ya yi girman dala: haɗi ne ko gaskiya?

Ku kwatanta wannan hoton a zuci. Wata ɗan daren sha huɗu, jajur, ya leƙo ta bayan babbar dalar Giza ta ƙasar Masar, girmansa ya kusa kai dalar. Duk sanda irinsa ya zaga intanet sai a fara: "haɗi ne," "aikin Photoshop ne," "ƙirƙirarriyar basira ce." Akwai na bogi, ban musa ba. Amma kyamara tana iya ɗaukarsa, kuma raina yana sosuwa idan aka ƙaryata wanda ya sha wahalar lissafinsa.

Yawanci ana zaton dogon gilashin kyamara ne ke kumbura watan. A'a, ƙafar mai ɗaukar hoton ce ta yi aikin.

Tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,000. Ko ka ja da baya kilomita 10, bai san ka motsa ba. Miƙa hannunka sama, farcen ƙaramin yatsanka ma ya isa ya rufe shi. Ita kuwa dalar Fir'auna Khufu, da aka gina kusan shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta yanzu wajen mita 138 ne. Idan kana gindinta ta cika maka ido, wata ya zama ɗigo. To fara ja da baya. Kalli allon kyamararka. Dala tana ƙanƙancewa, wata yana nan yadda yake. Ƙara ja. Ƙara. Can za ka kai inda girmansu ya zo ɗaya.

Ina ne wurin? Ninka tsayin ginin kamar sau 110. Ga dalar, wajen kilomita 15 ke nan. Ga ginin Taj Mahal na birnin Agra a Indiya, mai tsayin mita 73, kusan kilomita 8. Sai a nan dogon gilashi yake shigowa, ya zuƙo wannan ɗan wurin ya cika hoton da shi.

Gwada da wayarka. Tsaya wuri guda, ɗauki hoto biyu, ɗaya a buɗe, ɗaya ka zuƙo. Yanke na farkon daidai faɗin na biyun. Zai ɗan dushe, amma girman wata da na ginin bai canza ba.

Saura da sauri. Cikakken wata yana fitowa ta gabas lokacin faɗuwar rana, don haka tsaya yamma da ginin. Kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku. Cikin minti 2 wata yake matsawa tsawon faɗinsa, sai ka shirya tun kafin ya leƙo. Ƙura da hazo kuma sukan cinye hoton daga irin wannan nisa.

Dabarar ce dai a hotunan bikin Holi na Indiya, bikin watsa wa juna garin launi, wanda shi ma da cikar wata yake zuwa. Kun taɓa ganin mutane a irin hotunan kamar an danna su a buhu, jan gari da shuɗi ya rufe su? Daga nesa aka ɗauka. Idan aka ga titin daga kusa, har da wurin wucewa a tsakaninsu.