Ƴar MP3 ta motsa jiki da karatu: me zaka duba kafin ka miƙa kuɗinka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar ƴar na'urar nan ta jin sauti zamuyi, wadda ake cewa MP3, ƴar mitsitsiyar nan da zaka maƙala a wuyan riga ko ka jefa a aljihu ka manta da ita. Nasan wani zai ce toh ai wayata tana yin duk wannan. Eh tana yi, amma duk wanda yake fita gudu bayan sallar asuba a garin nan na Kano, ko ta wajen Race Course ko zagayen filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, yasan fargabar fita da babbar waya a hannu a irin wannan lokacin saboda masu ƙwacen waya. Shi kuma ɗalibi tasa matsalar daban ce, ka ɗauki waya da niyyar jin laccar da kayi rikodin, saƙo ɗaya ya shigo WhatsApp, daga nan sai TikTok, kafin ka farga an kira la'asar baka ji komai ba. Wannan ƴar abar ba kira, ba data, ba saƙo, abun da ka zuba mata shi kaɗai zata baka.

Kamfanin Apple da ya fito da iPod a 2001 ya daina yinta tun 2022, saboda haka in ka ganta yanzu yawanci ta hannu ce, batirinta ya sha jiki. Akwai Walkman na Sony, akwai ƙananan SanDisk Clip, akwai ƴan Chana irin su Ruizu da AGPTEK masu sauƙin kuɗi, sai kuma tarin marasa suna. In ka shiga Farm Centre ko Beirut Road nema, mai shago zai fara nuna maka sikirin mai kala da yawan gigar da aka rubuta a kwali, ni kuma gaskiya waɗannan biyun su ne na ƙarshe a lissafina.

Fara da madanni. Nemi mai botin na gaske wanda yatsa zai ji shi, ba mai shafawa ba, domin kana gudu hannunka ya jiƙe da gumi sikirin ɗin shafawa ba zai saurare ka ba, kuma ba zaka tsaya a tsakiyar titi kana leƙen na'ura ba. Ya zama akwai maƙali a bayanta da kuma makullin da zai hana ta danna kanta a aljihu. Maganar gumi kuwa, duba kwalin ko an rubuta IPX4, ma'anarsa tana jure gumi da fantsamar ruwa. IPX7 ita ce ke jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. In ba a rubuta komai ba, ka ɗauka ba ta son ruwa kwata-kwata.

Yanzu ɗalibai da masu hadda, ku matso, nan ne maganar take, kuma wallahi nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Abu na farko, in ka kashe ta a tsakiyar karatu ka sake kunnawa, daga inda ka tsaya take ci gaba ko komawa farko take yi? Ga waƙar minti huɗu ba komai bane, amma tafsiri ko laccar malami ta awa ɗaya da rabi, kana minti na hamsin ta mayar da kai farko, sai ka danne botin kana jiran ta gudu, ranka ya ɓaci, gobe ma haka, ƙarshe ka jefa ta a durowa. Na biyu shi ne abun da zaka gani an rubuta A-B, wato ka sa alama a farkon aya ka sa wata a ƙarshenta, ita kuma tayi ta maimaita maka wannan gurin kaɗai har ya zauna. Ƴar uwa mai zuwa Islamiyya, in kina wanke-wanke ko shara kina bitar hadda, wannan A-B ɗin ya fi miki duk wani sikirin mai kala amfani, haka shi ma mai shirin JAMB ko WAEC da yake son furucin Turanci ya zauna masa. In kuma tana rage gudun magana ko ta ƙara, toh an dace.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Saƙon murya na WhatsApp ba nau'in fayil ɗin MP3 bane, opus ake kiran nau'insa, kuma rikodin ɗin wayoyi da yawa m4a yake fitowa, ƙananan na'urori masu arha da dama basa karanta su. Kenan in darasin makarantarku ta guruf ake turowa, sai an juya shi zuwa MP3 a waya ko kwamfuta tukunna. Sannan ka sa wa fayil lamba a gaban suna, 001, 002, har 114 in surori ne, in ba haka ba zata jera maka su yanda taga dama.

Giga nawa? Lissafin mai sauƙi ne, fayil ɗin MP3 mai ingancin 128 kbps, wato matsakaicin ingancin sauti, yana cin wajen mega ɗaya duk minti, kaga giga 8 ta haura awa 130 kenan, karatun murattal na izu sittin ko rabinta ba zai cinye ba. Giga 8 ko 16 ta gaskiya ta ishe ka, musamman in akwai gurin saka memori. Sai dai ka tambaya iyakar memorin da take ɗauka, wasu basa wuce giga 32. Abun tsoro shi ne na jabu, a rubuta 64 alhali cikin bai kai haka ba, zaka ga fayil sun shiga lafiya lau amma in kazo kunnawa sun lalace. Na'ura mai arha sosai da lamba ƙatuwa a kwali, ka yi taka-tsantsan da ita.

Batir kuma, da yanayin wutarmu, nemi wadda zata yi kwanaki ba caji, kuma ka sani Bluetooth da hasken sikirin su ke shanye shi, da iyafis mai igiya batirin ya fi daɗewa. Dama in kana son jin Freedom Radio ko Arewa Radio a cikinta dole ka saka mai igiya, don igiyar ita ce eriyar. Bakin caji in Type-C ne ya fi, caja ɗaya da wayarka. Kar a bar ta a rana ko cikin mota a zafin watan Afrilu, batirin yana kumbura.

Don Allah kunne amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce awa 40 a sati yana jin sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), kuma duk yanda ka ƙara ƙarar, lokacin raguwa yake sosai. Kar ka ƙure ta. In a bakin titi kake gudu cire kunne ɗaya, ka ji hon ɗin adaidaita sahu da ke bayanka.

Ranar da zaka je siya, tafi da memorinka ɗauke da doguwar lacca ɗaya da kuma iyafis ɗinka. Kace malam don Allah bari in gwada, ka kunna laccar ka kai ta tsakiya, ka kashe na'urar gaba ɗaya, ka kunna ka gani ko ta tuna gurin. Gwada A-B a gabansa, ka ɗan motsa bakin iyafis ɗin ka ji ko sauti yana yankewa. Sannan ku yi magana a fili, kwana nawa ya baka ka dawo da ita in ta bada matsala, ya rubuta maka a rasit. Kana isa gida ka cika ta taf da fayil, ka kunna na farko da na tsakiya da waɗanda suka shiga a ƙarshe, in akwai wanda ya ƙi tashi ka mayar masa tun kwanakin basu cika ba.