Babban Yatsa a Guruf ɗin Ofis: "Na Gani" Ne ko "Na Amince"?

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da warhaka.

Ku dubi ɗan hoton nan da ke kan allo: 👍. Hannu a dunƙule, babban yatsa a sama. A ce akanta ya tura wa manaja saƙo, "Ranka ya daɗe, ga lissafin gyaran janareta," manaja kuma ya danna masa wannan hoton. Me ya ce ke nan? Ya ga saƙon ne kawai, ko ya ba da izinin a fitar da kuɗin?

Kada ku raina tambayar, don har gaban alƙali ta je. A lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, wani kamfanin sayen amfanin gona mai suna South West Terminal ya tura wa wani manomi hoton takardar ciniki ta waya a 2021, ya nemi ya tabbatar. Manomin ya mayar da babban yatsa. Lokacin kai kaya ya yi, bai kai ba, farashi kuma ya riga ya tashi. A kotu ya ce shi dai nufinsa saƙo ya iso hannunsa. Mai shari'a Timothy Keene ya duba yadda suka saba hulɗa, ya ga a baya manomin ya sha ƙulla ciniki da kamfanin ta gajeruwar amsa irin "to" ko "ya yi", kuma ya cika alkawari. A 2023 ya yanke cewa yatsan nan ya tsaya a matsayin sa hannu, aka ci manomin diyyar sama da dala 82,000 na Kanada.

To me ya sa muke amfani da waɗannan ƙananan hotuna, wato emoji, tun farko? Saboda rubutu ba shi da murya. Idan abokin aikinka ya ce maka "sannu da ƙoƙari" baki da baki, kana jin ko yabo ne ko gatse. A rubuce ba za ka gane ba. Wannan matsalar ce ta sa Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya ba abokan aikinsa shawara a 1982, cewa duk wanda ya rubuta wasa ya sa alamar murmushi a ƙarshe, don kada a ɗauka da gaske yake. Wato tun asali abin a wurin aiki ya tsiro. Daga baya, a 1999, Shigetaka Kurita ya zana ƙananan hotuna 176 wa kamfanin wayar Japan, NTT DoCoMo, sannan a 2010 aka shigar da emoji cikin Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya da wayoyi da kwamfutoci ke amfani da shi, suka bazu duniya.

Inda suka fi amfani a ofis ba a cikin jimla ba ne. A ƙarƙashin saƙo ne. Manhajar Slack, ta hirar ma'aikata, ta kawo damar danna emoji a kan saƙo a 2015, WhatsApp kuma a 2022. Duk wanda ke guruf ɗin ma'aikata ya san abin da ke faruwa idan aka sa sanarwar taro: mutum arba'in, kowa sai ya rubuta "to, mun gode", "Allah ya kai mu". Wanda ya buɗe waya bayan azahar sai ya yi ta ja sama kafin ya tarar da sanarwar, wani ma ya gaji ya bari, ya rasa taron. Da kowa ya danna alama ɗaya a ƙarƙashinta, da sanarwar tana nan a fili, mai ita kuma ya ga waɗanda suka karanta.

Sai dai da sharaɗi, kuma shi ne ƙashin bayan maganar: ku yi ittifaƙi a kan ma'ana. Ku zauna sau ɗaya ku ce, idanu 👀 na nufin "ina dubawa, kada wani ya maimaita aikin". Koren maki ✅ na nufin "an kammala". Babban yatsa na nufin "na gani", ba ƙari. Uku ko huɗu sun isa, idan sun yi yawa ba mai riƙe su. Ku rubuta, ku maƙala a saman guruf don sabon ma'aikaci ya tarar. Duk abin da ya shafi kuɗi, hutu, ɗaukar aiki ko sauya ranar miƙa aiki, a rubuta shi da kalmomi: "Na amince, a biya." Akantan da ya fitar da kuɗi a kan yatsa kawai, ranar da masu binciken kuɗi suka zo, shi kaɗai zai tsaya.

Fuskoki kuwa, nan ne ake yawan zamewa. Unicode lamba da suna kawai take ba kowane emoji, zanen kuma kowane kamfani da nasa: Apple daban, Samsung daban, Google daban. A 2016 masu bincike a Jami'ar Minnesota sun nuna wa mutane wata fuska mai buɗe haƙora. A zanen wasu wayoyi an ɗauke ta farin ciki, a na Apple na lokacin kuwa da yawa sun ga kamar mai cije baki ne. Har a zane iri ɗaya ma mutane sun saɓa. Idan kuna hulɗa da 'yan China, ku sani matasansu da dama suna ɗaukar ɗan murmushin nan 🙂 a matsayin gatse.

Mu ma muna da namu. Tafin hannu a buɗe, yatsu biyar a ware 🖐, Bature na nufin gaisuwa ko "ina da magana". Tura shi ga Bahaushe ba tare da ko kalma ɗaya ba, ka ga ko ba zai ce daƙuwa ka yi masa ba. Hannaye a haɗe 🙏 wani godiya yake nufi, wani roƙo, wani addu'a, shi ya sa da yawa suka fi sakewa da tafuka biyu a buɗe 🤲 idan addu'a ce. Jan zuciya ❤️ ga abokiyar aiki, ko da rahotonta kake yabawa, ka bar shi. Wayar tana iya kasancewa a hannun maigidanta, kuma ko ba haka ba, ita kanta ka sa ta cikin tunanin da ba ta nema ba. "Aiki ya yi kyau, Hajiya" ya wadatar.

Wanda ya fi ciwo shi ne na ta'aziyya. Fuskar kuka 😭 da fuskar dariya har da hawaye 😂 duk suna da hawaye, a ƙaramin allo kuma, ga wanda bai sa tabarau ba, kusan ɗaya suke. An sanar da rasuwar mahaifin abokin aiki, sai ga dariya a ƙarƙashi. A nan ni dai ban ga wurin emoji ba sam. Rubuta "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri", in da hali ka kira, ko ka je gidan.

Saura maganar girma. Wani bincike da aka wallafa a 2017, na masana daga jami'o'in Isra'ila da Holan, ya gano cewa sa fuskar murmushi a imel na aiki ga wanda bai san ka ba bai sa a gan ka mai fara'a, sai ma ya rage ganin ƙwarewarka. Don haka saƙon farko ga sabon shugaba ko wani sashe, bar shi da kalmomi zalla. Sabon ma'aikaci ya ɗan yi shiru ya ga yadda gidan yake kafin ya fara barkwanci. Shugabanni kuma, naku ya fi nauyi. Idan ƙaramin ma'aikaci ya kwana yana haɗa rahoto, ya turo, ka ba shi yatsa kawai, zai wuni yana tunanin ko bai yi ba ne. Idan gyara za ka yi masa, kada ka lulluɓe faɗan da fuskar dariya, don ba zai san ko ya gyara ko ya yi dariyar ba. Kira shi gefe, ka faɗa masa a sarari.

Abu ɗaya da ake mantawa: abokan aikinmu masu larurar gani suna amfani da manhajar da ke karanta musu allo, ita kuma sunan kowane emoji take furtawa. Ka jera tafi goma, sai ta yi ta faɗa musu tafi kafin su kai ga saƙon. Ɗaya ya isa, kuma a ƙarshen jimla.

Idan kuwa hannunka ya zame ka danna wanda bai dace ba a WhatsApp, taɓa alamar a ƙarƙashin saƙon, za ka ga wurin cire ta. Amma mai saƙon yana iya riga ya gani, don haka bi shi da layi ɗaya: "Afuwan, kuskuren dannawa ne."