Amsoshin Tambayoyinku: Daga Helsinki Zuwa Krakow

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Saƙonninku na wannan mako sun fi karkata kan yawon buɗe ido a tsofaffin biranen arewaci da gabashin Turai, don haka muka gayyato wani malami da tsara irin wannan tafiya ita ce sana'arsa. Malam, barka da zuwa.

Baƙo: Barka kadai, Hajiya. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Saƙon farko daga wani ma'aikaci ne a Kano. Ya ce hutun mako biyu yake da shi, kuma yana so ya ga Oslo, Stockholm, Helsinki, Tallinn, Riga, Vilnius, Warsaw, Prague da Budapest. Ta ina zai fara?

Baƙo: To, ranka ya daɗe, da ragi za ka fara. Birni tara a kwana goma sha huɗu, filin jirgi da tashar mota kawai za ka gani. Ka ajiye Oslo da Stockholm da Prague da Budapest sai wata shekara, ka bi layi guda daga arewa zuwa kudu: Helsinki a Finlan, Tallinn a Istoniya, Riga a Latbiya, Vilnius a Lituweniya, sannan Warsaw da Krakow a Polan. Ka yanki tikitin da zai sauke ka a Helsinki ya ɗauko ka daga Krakow ko Warsaw, don kada ka ɓata kwana guda wajen komawa inda ka faro. Jirgin Turkiyya da ke bi ta Santambul yana zuwa waɗannan biranen.

Helsinki kwana biyu ya isa. Abin da ba a bari shi ne Suomenlinna, sansanin yaƙin da Suwidin ta fara ginawa a kan tsibirai a 1748. Jirgin ruwan yana tashi daga bakin kasuwar Kauppatori, minti 15 ne, kuma tikitin bas na gari shi ne tikitinsa. Daga Helsinki zuwa Tallinn kilomita 80 ne a teku, awa biyu a babban jirgin ruwa. Ka isa tashar da saura awa guda, don ana rufe ƙofa tun kafin lokacin tashi.

Tallinn ita ce za ta riƙe ka. Gari ne na fataken ƙawancen Hansa, waɗanda suka mallaki cinikin tekun Baltik na ɗaruruwan shekaru, kuma har yau kusan kilomita biyu na ganuwarta yana tsaye da hasumiyoyinsa. A dandalin tsakiyar gari akwai zauren majalisa da aka kammala a 1404, a gefe guda kuma kantin magani na Raeapteek wanda ake ciniki a cikinsa tun aƙalla 1422. Ka hau tudun Toompea da sassafe, kafin jiragen masu yawon teku su juye jama'arsu wajen ƙarfe goma. Titunan duwatsu ne masu ƙulu-ƙulu, suna cin tayar akwati suna karya dunduniyar takalmi, saboda haka ka kama otal a bakin ganuwa, inda mota za ta iya sauke ka a ƙofa. Za ka ji ana cewa bas kyauta ne a Tallinn. Gaskiya ne, amma ga mazauna garin masu rajista. Baƙo biya yake, in bai biya ba tara ce.

Zuwa Riga awa huɗu da rabi ne a bas. Garin an kafa shi a 1201, amma ni da za a tambaye ni, babbar kasuwarsa ta fi tsohon garin daɗin gani: rumfuna biyar ne manya da aka haɗa da ƙarafan ɗakunan ajiye jiragen balan-balan na Jamus, aka buɗe a 1930, rumfar kifi daban, ta nono da cuku daban. Daga nan Vilnius awa huɗu, a bas ko a jirgin ƙasa. Daga Vilnius zuwa Warsaw ka ware yini guda. In jirgin ƙasa ka hau, za a sauya muku jirgi a Mockava kusa da iyaka, saboda faɗin layin dogon Lituweniya milimita 1520 ne irin na zamanin Sobiyet, na Polan kuwa 1435. Warsaw zuwa Krakow awa biyu da rabi a jirgi mai sauri.

Mai gabatarwa: Wata Hajiya daga Kaduna ta ce, ƙasa biyar ke nan, biza biyar za ta nema? Kuma me ke sa ake hana mutane?

Baƙo: A'a Hajiya, guda ɗaya ce. Duk biyar ɗin suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu duka. Inda ake tuntuɓe shi ne ofishin da za a kai takardu. Doka ta ce ƙasar da za ki fi yawan kwana ita ce za ta ba ki, sai in kwanakin sun zo daidai ne za ki je wa ƙasar da za ki fara shiga. A ce Helsinki kwana biyu, Tallinn biyu, Riga biyu, Vilnius uku, Warsaw ɗaya, Krakow uku. Polan ta tashi da huɗu, to wajenta za ki nema, ko da a Finlan za ki sauka. Finlan da Polan suna da ofishin jakadanci a Abuja. Istoniya da Latbiya da Lituweniya kuwa wasu ƙasashe ke wakiltarsu, sai an duba shafin ma'aikatar harkokin wajensu.

Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, yaro mai shekara 6 zuwa 12 yuro 45, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma in an hana ba a mayarwa. Fasfo ya zama bai haura shekara goma da bayarwa ba, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma wa'adinsa ya zarce ranar dawowarki da wata uku. Inshorar lafiya kada ta gaza ta yuro 30,000, ta shafi yankin duka, ba ƙasa ɗaya ba. Ana karɓar takardu tun saura wata shida. Amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45, saboda haka wadda za ta tafi a Satumba ta fara neman ranar ganawa tun Mayu.

Hanin kuwa yawanci daga abu biyu yake. Na farko, a ga an antayo miliyoyi cikin asusu saura mako guda a nemi biza, babu bayanin inda suka fito. Jami'in ya fi yarda da albashi ko ciniki mai shiga a kai a kai, ko da bai da yawa. Na biyu, takardu su saɓa wa juna: wasiƙar wurin aiki ta ce hutun kwana goma, otal ya nuna goma sha uku. Abin da yake nema ya gani shi ne dalilin da zai dawo da ke gida. Kuma fasfonki ya kasance a jikinki ko a cikin bas, don a Yulin 2025 Polan ta dawo da bincike a kan iyakarta da Lituweniya.

Mai gabatarwa: Wani malamin makaranta daga Maraɗi ya ce ya ji rana ba ta faɗuwa a can. Yaya salla, yaya abinci, kuma akwai Musulmi 'yan asali kuwa?

Baƙo: Allah ya gafarta malam, a waɗannan biranen tana faɗuwa, dare ne ba ya kankama. A ƙarshen Yuni rana kan fito a Helsinki wajen ƙarfe huɗu na asuba, ta faɗi wajen sha ɗaya saura na dare. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli shafaƙi ba ya ɓacewa, sai jan magariba ya zarce ya haɗe da alfijir. Shi ya sa manhajar waya kan rikice, ta ba ka isha da asuba kusan a tare. Malamai sun yi bayanin kimanta lokaci a irin wannan hali. Mafi sauƙi ka bi jadawalin masallacin garin, ka kuma tambayi malaminka hukuncin kasaru da haɗa salla tun kana gida. A Disamba abin juyawa yake: fitowa bayan tara, faɗuwa uku da kwata, azahar da la'asar da magariba duk cikin awa uku. Alƙibla ma a kula, kada a fuskanci gabas. Daga Helsinki ko Vilnius, kudu za ka duba ka ɗan karkata hagu.

Abinci sai da lura, don naman alade shi ne naman gida a yankin. Ka rubuta sunansa a takarda: sianliha a Finlan, sealiha a Istoniya, cūkgaļa a Latbiya, kiauliena a Lituweniya, wieprzowina a Polan. Tarkon yana cikin abin da ake zaton ba nama. Pierogi, wato kwaɓin fulawa na Polan da ake cusa wa dankali da cuku, sau da yawa da soyayyen kitsen alade ake yayyafa masa, haka cepelinai, curin dankali na Lituweniya. Ka ce a sa maka man shanu da albasa kawai. Kifi ne mafita: miyar kifi da madara a kasuwar Helsinki, bandar kifi a Riga, ga baƙin burodi mai riƙe ciki. Manyan biranen duk akwai gidajen abincin Turkawa da Larabawa, amma ka tambaya ko naman halal ne, kada sunan shago ya ruɗe ka.

Musulmi 'yan asali kuwa akwai, Tatar ake ce musu. Sarki Vytautas na Lituweniya ne ya zaunar da su a ƙarshen ƙarni na 14, suka zama mayaƙansa na doki. Da harshensu ya ɓace, sai suka riƙa rubuta littattafan addini da harshen Belarus da na Polan amma da baƙaƙen Larabci, kamar dai ajaminmu. A kudu da Vilnius akwai ƙauyen da sunansa ke nufin Tatar Arba'in, da masallacin katako mai kama da gidan manomi, jinjirin wata ne kawai a kan 'yar hasumiyarsa zai gaya maka masallaci ne. Akwai wani a Nemėžis, sai na bulo a Kaunas da aka fara ginawa a 1930. A Polan, Kruszyniany da Bohoniki, ƙasar da Sarki Jan Sobieski ya ba Tatar a 1679. Na ƙauyukan ba kullum suke buɗe ba, ka daidaita zuwanka da Juma'a ko ka yi waya tukuna.

Mai gabatarwa: Daga Kumasi, wani ya ce da mahaifinsa mai shekara saba'in zai tafi. Dattijon zai iya shiga ramin gishirin Wieliczka da ke kusa da Krakow? Kuma ina za su ga daji da teku?

Baƙo: In Baba yana da ciwon gwiwa ko numfashi, hanyar da kowa ke bi ba tasa ba ce. Matakala kusan 800 ce, wajen 380 a farkon shiga, tafiyar ƙafa ta kai kilomita uku da rabi, zurfi har mita 135. Da na'ura ake fitowa, amma saukar da ƙafa ce, kuma ba a barin ayari a koma baya. Suna da tsari na masu larura, sai dai a nema tun kafin ranar. In bai samu ba, a bar shi a dandalin Krakow, mita 200 ne kowane gefe, ya zauna ya ji mai ƙaho da ke busa daga hasumiyar cocin Maryamu kowace awa. A sayi kayan masarufi ranar Asabar, don yawancin manyan kantunan Polan ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Batun daji da teku kuwa, na kusa shi ne Trakai, rabin awa daga Vilnius, fadar jan bulo a tsakiyar tafki, gadar katako ce ke kai mutum. In da kwana biyu na rara, a tafi zirin rairayin Kuroniya. Jirgin ƙasa zuwa Klaipeda awa huɗu, a tsallaka a jirgin fito, bas awa guda zuwa Nida. Tsawon zirin kilomita 98, teku a dama, tafki a hagu. Da aka sare dazuzzukansa, rairayi ya taso ya binne ƙauyuka, sai a ƙarni na 19 aka tsayar da shi da dashen itatuwa, shi ya sa aka hana sauka daga hanyar katako a wuraren da aka killace. Kilomita kaɗan kudu da Nida ƙasar Rasha ce, bizarku ba ta kai can ba, in kun ga allon iyaka ku juyo. A dajin kuma a sa dogon wando a cusa cikin safa, saboda kaskar yankin tana ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa.

Mai gabatarwa: Saura minti biyu, Malam. Wata ɗaliba daga Yamai tana son ganin hasken nan mai rawa a sararin arewa a watan Yuli, tana kuma tambayar kuɗin da za ta riƙe.

Baƙo: A Yuli ba za ki gan shi ba, 'yata, sai da duhu. Lokacinsa ƙarshen Satumba zuwa Maris, kuma sai kin haura Rovaniemi, awa goma sha biyu a jirgin dare daga Helsinki. Ki ware dare uku, don gajimare kan rufe shi. Yawon birane kuwa ƙarshen Mayu ko Satumba ya fi, otal ya fi araha, sanyi da sauƙi.

Kuɗi yuro ne a Finlan da ƙasashen Baltik uku, Polan kuma zloty. Kati ya fi tsaba aiki, amma ki tabbatar bankinki ya buɗe miki shi don waje, ki san iyakar da ya sa miki. In na'ura a Polan ta tambaye ki a cire da zloty ko da wani kuɗi, ki zaɓi zloty, ɗayan canjin nasu ne kuma ya fi tsada.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Masu tambaya kan gaɓar tekun Norway, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.