Gubar dalma a Zamfara: daga rami zuwa tsakar gida

Jama'a masu sauraro, agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara sun lura agwaginsu na ƙarewa, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Ba a jima ba abin ya koma kan yara: amai, ciwon ciki, jijjiga, sai a wayi gari ana haƙa ƙaramin kabari. Aka ce sanƙarau ne, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani, shiru. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka tura jinin yaran gwaji ƙasar waje aka gano ashe gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kaɗai, binciken da aka yi gida-gida ya nuna ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda.

Idan ana zancen gurɓatar muhalli, hankalinmu kan tafi kan hayaƙin masana'antu. To wannan gubar a buhu aka ɗauko ta aka kai ta gida. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, manomi ya ga abin da zai samu a rami cikin mako ya fi na damina guda, ya ajiye fartanya. Duwatsun yankin da ake niƙawa a fitar da zinaren kuwa cike suke da dalma. Maigida ya kawo, uwargida ta farfasa a turmi da goyo a bayanta, a kai injin niƙa, irin dai wanda ake niƙa dawa da masara da shi, a dawo a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka kan tabarma, ta sauka a bakin randa, ta sauka inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baka. Ita kuwa dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari balle a guje ta.

Shi ya sa magani kaɗai bai wadatar ba. Yaro ya sha magani ya koma gidan da ya ɗauko cutar, an yi tufka da warwara ke nan. Dole sai da aka riƙa kankare ƙasar tsakar gida ana binne ta nesa, ana zubo sabuwa. Bagega, gari mafi girma cikin waɗanda abin ya shafa, sai da ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Shekara uku yara na wasa a kan guba! A 2015 kuma sai ga irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

A ganinmu, dokar hana haƙa ba ta cika ciki, mai yunwa zai koma rami ko da dare ne. Abin da ya fi kama hankali shi ne a fitar da niƙan daga cikin gari, a riƙa jiƙa dutsen kada ya yi ƙura, mai aikin kuma ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika lissafawa ba, wato yaran da suka rayu. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Yau sun zama samari da 'yan mata, wasu ba sa gani, wasu ƙafa ta shanye, wasu kuma a aji malam na ta dukansu yana kiransu daƙiƙai.