Tafkin Legas: Inda Kifin Teku Ke Yin Ƙuruciya

Assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa hawa gadar Third Mainland da sassafe, ko a danfo ko a bayan tirela, ya san ruwan da ke ƙarƙashinta. Kusan kilomita 12 mutum yake yi a kansa. Mu da muka zo Ikko daga Arewa, teku muke ce masa mu wuce abinmu. To, ba a kai teku ba tukuna. Tafki ne, kuma ƙofa ɗaya gare shi zuwa tekun Atilantika a nan Legas, mashigar da manyan jirage ke bi su shiga Apapa.

Wannan ƙofar ce ta sa ruwan ya zama na daban. Da damina kogin Ogun da ƙananan rafuka sukan kwararo ruwan daɗi, su tura gishiri waje. Da rani kuma teku ya samu sarari ya kutso ciki. Sai a samu ruwa mai zartsi, irin na wasu rijiyoyinmu na gida, wanda bai kai na teku gishiri ba, bai kuma shawu ba. Mutum zai tofar da shi. Amma ga ɗan kifi da ɗan jatan lande, nan ne gidan reno.

Ku dubi jatan lande. A teku uwar take zuba ƙwai. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe ƙanana ƙwarai, ido da ƙyar yake ganinsu, igiyar ruwa ta kwaso su ta shigo da su tafki. Nan za su yi watanni suna ci suna girma, sai sun yi ƙwari su koma teku. Kifaye da dama haka suke yi. Bonga, wanda ake bandawa a kawo mana Mile 12 da Agege a kwanduna, a irin wannan ruwan na bakin gaɓa yake rayuwa. Saboda haka masuncin da ya fita can tsakiyar teku da injinsa, abin da tafki ya rena yake kamawa.

A ina 'ya'yan suke fakewa? A gindin wani itace da ke tsirowa a bakin ruwa. Sunan wannan itacen mangurof, ba mangwaro ba, kada wani ya je neman 'ya'ya. Ku lura da saiwoyinsa, a waje suke, sun yi cirko-cirko kamar ƙafafun gizo. Babban kifi ba ya iya kutsawa tsakaninsu, ƙarami kuwa ya shige ya kwanta. Ganye ya faɗo ya ruɓe a taɓo, ƙaguwa da tsutsotsi su ci, kifi ya ci su, tsuntsu ya ci kifi. Saiwoyin suna rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, ƙasa ta zauna. In igiya ta taso da ƙarfi, a kansu take fara karyewa kafin ta kai gidan kowa. Duk Afirka babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan wannan daji. Mafi yawansa yana yankin Neja Delta, amma Legas ma tana da nata, a wajen Badagry da Epe da Lekki, sai dai kullum ja da baya yake yi.

Hanya biyu ake cinye shi. Akwai matar da ke saran reshe don ta banda kifi ta ciyar da 'ya'yanta. Akwai kuma wanda ke zuwa da katafila ya share fili guda, ya cike shi da yashi, ya yanka fulotai. Ni dai ba zan ɗora su a sikeli ɗaya ba. Inda aka sari reshe, itace na iya tohowa. Inda aka zuba kankare, magana ta ƙare.

Yashin nan kuwa daga ina? Daga gindin tafkin. Wasu nutso suke yi da bokiti su cika kwalekwale, wasu injin tsotsa suke kafawa ya yi ta zuƙa dare da rana. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ma da tifar yashi suke ci, kuma sana'a ce, ba mai musu. Amma ga abin da ke faruwa a ƙasa: ruwa ya gurɓace ya zama kamar kunu, hasken rana ya kasa shiga, laka ta toshe wa kifi hanyar numfashi, wurin da yake zuba ƙwai ya koma rami. Masuntan Makoko da Epe sun daɗe suna kukan cewa sai sun yi nisa kafin raga ta yi nauyi.

Legas ta riga ta ga abin da wasa da yashi ke jawowa, tun kafin a haifi kakanninmu. A gaɓar nan, igiyar teku tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, a hankali, shekara da shekaru. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Jirage sun samu hanya. Yashin kuma ya taru a yamma, wajen Tarkwa Bay, gabas ta daina samun rabonta. Sai teku ya shiga cin Bar Beach, gaɓar Victoria Island. Tsofaffin mazauna Obalende za su gaya muku yadda ruwa yake hayewa titin Ahmadu Bello ya shiga ofisoshi. Yau a wurin an cike teku an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic, da katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci. Victoria Island ta huta. Ku matsa gabas kaɗan, wajen Alpha Beach, ku ji abin da mutanen can ke faɗi game da gidajen da ruwa ya tafi da su.

Akwai kuma wani koren tsiro da ke rufe ruwan tafkin kamar darduma, mu kainuwa za mu ce, amma ba dashen Allah ba ce a nan. Asalinta daga Kudancin Amurka, kuma a 1984 ta shigo ta rafin Badagry daga Jamhuriyar Benin. Tana toshe wa jiragen fasinja hanya a Ikorodu, tana shaƙe kifi. Ƙazantar da ke gangarowa daga gari ita ce takinta.

To mu zo kan tamu. Ledar fiya wata da aka yar a kwata a Mile 12, ko robar abinci da mai shayi ya sallami kwastoma da ita, ba ɓacewa take yi ba. Ruwan sama ɗaya ya ishe ta ta kai rafi, daga rafi sai tafki, daga tafki sai ta bi ƙofar nan ta fita. A can akwai kunkurun teku. Mafi girmansu, mai baya kamar fata, abincinsa wata halitta ce fara mai santsi da ke lilo a ruwa. Farar leda ma haka take lilo. Ya haɗiye, hanji ya toshe, ya mutu da yunwa alhali cikinsa a cike. A watan Janairun 2024 gwamnatin jihar ta haramta farar robar kumfa ta zuba abinci, a Yulin 2025 kuma ta fara aiwatar da haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Doka ta yi nata. Amma a ganina, baban bolan da ke bin lungu da kurarsa yana tsince gorar roba, ya fi mai dogon jawabi a otal tare wa teku shara, ko da ba wanda ya taɓa yi masa godiya.

Kunkurun nan har gaɓar Legas suke fitowa da dare. Uwa ta haƙa rami a yashi, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe ta koma. Bayan kamar wata biyu 'ya'ya su fito su nufi ruwa, in ba a riga an kwashe ƙwan ba. Manyan jiragen kamun kifi masu jan raga a ƙasa kuwa, dokar 1992 ta hana su matsowa cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, don a bar wa ƙananan masunta da 'ya'yan kifi wurinsu. Masana a cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island, wadda aka kafa a 1975, su ke bin diddigin irin waɗannan abubuwa.

Akwai kuma wata dabba da Bahaushe ya san sunanta sarai, ko da bai taɓa ganinta ba. Ayu. Wanda ke kogin Binuwai da Kwara, shi ne dai a rafukan Badagry da Epe. Ciyawa yake ci, ba ya faɗa da kowa, sai ya ɗago hanci ya shaƙi iska ya koma. Macen takan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tal, ta daɗe tana shayar da shi kafin ta sake wani. Dabbar da ke haihuwa haka ba ta jure farauta. Tun 1985 dokar Najeriya ta hana kashe shi, amma har gobe za ka ji mai magani a tasha, da lasifikarsa, yana tallar man ayu. Ko dai abin da ke cikin kwalbar nan ba na ayu ba ne, an cuci mai saye, ko kuwa nasa ne, an rage ɗaya a rafi.