"Mu nan duk 'yan gida ɗaya ne": Halin da ma'aikatan ƙananan kamfanonin talla suke ciki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Akwai wata magana da kusan duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin kamfanin talla ya ji ta a ranarsa ta farko. Mai kamfanin zai miƙo hannu cikin fara'a, ya ce: "Mu nan babu oga babu yaro, duk 'yan gida ɗaya ne." Matashin da ya daɗe yana neman aiki sai ya ji sanyi a ransa. Ni ma na ji wannan sanyin, domin kafin in zauna gaban wannan makirfo na yi kusan shekara biyu ina rubuta kalaman talla a wani kamfani da dukanmu, har da mai shi, ba mu wuce mutum goma sha ɗaya ba. Ba zan kama sunansa ba. Abin da zan faɗa ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma tun daga lokacin na ji irinsa daga bakin mutane da dama da suka yi wannan sana'a a wurare daban-daban.

Sai da na kwana biyu kafin na gane ma'anar waccan magana. Ɗan gida ba ya tambayar lokacin tashi. Ɗan gida ba ya cewa a biya shi aikin da ya yi ranar hutu. Idan aka kira shi ƙarfe sha ɗaya na dare ya ɗaga, in bai ɗaga ba da safe a tambaye shi ko ya daina kishin gidan ne. Amma ranar da kwangila ta kuɓuce, ko ranar da ya buɗe baki ya ce ya gaji, nan take zai tuna cewa ashe ma'aikaci ne, kuma ana iya sallamarsa kafin azahar.

Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda yake son fahimtar abin da ke lalata zama a irin waɗannan wurare, sai ya fara duba yadda kuɗi ke shigo musu. Ƙaramin kamfanin talla yakan rayu ne a kan kwastomomi ƙalilan, wani lokaci ma ɗaya daga cikinsu shi ke ɗauke da rabin albashin kowa. Galibi kwastoman yana biyan ƙayyadadden kuɗi duk wata, a yi masa zane-zane, a kula masa da shafukansa na Facebook da Instagram, a rubuta masa sanarwa, a shirya masa bidiyo. Kuɗin a tsaye yake, buƙatun kuwa ba sa tsayawa. Yau a ƙara wannan, gobe a sauya wancan, jibi a dawo da na farko. Mai kamfani yana tsoron ya ce a'a kwastoma ya koma wani wurin, don haka komai aka ce masa sai ya ce an gama. To wa zai gama? Kuɗin ƙara ma'aikata babu. Giɓin da ke tsakanin abin da aka biya da abin da aka yi alkawari, da barcin ma'aikata ake cike shi.

Tsoron da ke cikin ofishin oga kuma ba ya zama a can. Gangarowa yake yi. Kwastoma ya yi wa mai kamfani tsawa a waya, shi kuma ya fito ya sauke a kan mai kula da kwastomomi, ita ma ta juya kan mai zane, har abin ya ƙare a kan yaron da aka ɗauko koyon aiki, wanda ba shi da kowa a ƙasansa.

Ina tuna wata safiyar Litinin. Mai zanenmu, wata matashiya mai natsuwa wadda ba ta cika magana ba, ta kwana biyu tana gyaran hoton talla guda ɗaya. Sau tara ana dawo mata da shi. A taron safe oga ya haska aikin a bango, ya tsaya ya harɗe hannu, ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda zai yarda ya sa sunansa a kan wannan abu. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar, kuma har yau abin yana damuna. Ita kuwa tana riƙe da biro, tana ta murza murfinsa har ya tsage a hannunta. Da yamma kwastoman ya zaɓi zanenta na farko, wanda ta yi tun kafin gyare-gyaren nan tara. Da aka zo ba da labari a zaurenmu na WhatsApp, oga ya rubuta cewa dabarar da ya kawo ce ta yi aiki. Babu wanda ya ambaci sunanta.

Wannan shi ake kira a dake ka a hana ka kuka. Kuma abin da ya sa na ƙaramin wuri ya fi ciwo shi ne babu inda za ka kai kukan ma. A babban kamfani, komai lalacewarsa, akwai sashen kula da ma'aikata, akwai wani bene da za a iya mayar da kai, wani lokaci akwai ƙungiyar ƙwadago. A wurin mutum goma, wanda ya ci zarafinka shi ne mai sauraron ƙorafi, shi ke sa hannu a albashi, shi zai rubuta maka takardar shaida ranar da za ka tafi. Sau da yawa mai riƙe da lissafin kuɗi matarsa ce ko ƙaninsa ko amininsa. Sana'ar kuma ƙarama ce, kowa ya san kowa, ma'aikaci yana tsoron a yi waya ɗaya a ɓata masa suna a duk inda zai nema. Sai ya yi shiru, shirun kuma a ɗauke shi a matsayin yarda.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da aikin talla. Wanda yake ƙirƙira, ko zane ko kalma, yana sa wani yanki na kansa a cikin abin da ya yi. Ba kamar lissafi ba ne da za a ce ga daidai ga kuskure. Idan shugaba ya ga dama ya ce aikinka ba shi da rai, babu ma'aunin da za ka ɗauko ka kare kanka. Da haka ake karya mutum a hankali. Yau a yabe ka har ka ji kunya, gobe a yi kamar ba a san ka ba, ka wuni kana tunanin laifin da ka yi. Na ga mutanen da suka shigo da ƙwazo da dabaru cike da kai, bayan wata shida ba sa iya aika saƙon imel mai layi uku sai sun karanta shi sau biyar.

Abin takaici, waɗannan su ne gwanayen gyara sunan wasu. Ka duba shafin kamfanin a intanet, ka ga hotunan ma'aikata suna dariya, an rubuta kalamai masu daɗi game da mutunta juna. Wanda ya ɗauki hoton da wanda ya rubuta kalaman, wataƙila a daren ba su runtsa ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Wani mai sauraro zai ce, to ai aiki dama wahala ne, wa ya taɓa cin halal a kwance? Gaskiya ne, kuma ba ina magana a kan makon da aiki ya taru aka yi dare ana fama ba, wannan kowace sana'a tana da shi. Ina magana ne a kan wurin da kullum gobara ake kashewa, kuma wulaƙanci ya zama hanyar tafiyar da mutane. Illar wannan an auna ta. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum 745,000 ne suka mutu sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Binciken ya ce mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari idan aka kwatanta da mai aikin awa 35 zuwa 40. Tun a 2019 kuma Hukumar Lafiyar ta sanya matsananciyar gajiyar da matsin aiki ke haifarwa a cikin kundinta, ta bayyana ta da alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin zuciya ta fita daga aikin, da raguwar iya yin sa. Duk wanda ya zauna a irin ofishin da nake faɗa zai iya nuna maka ukun nan a fuskar abokin zamansa.

Ita kanta sana'ar talla tana da labarin da ya girgiza ta. A ranar 25 ga Disambar 2015, Matsuri Takahashi, 'yar shekara 24, ma'aikaciya a kamfanin talla na Dentsu da ke Japan, ta halaka kanta, ba ta ko cika shekara da fara aiki ba. Hukumomin ƙwadago sun gano ta yi sama da awa 100 na ƙarin aiki a cikin wata guda, suka kuma tabbatar da cewa aikin ne sanadi. Shugaban kamfanin, Tadashi Ishii, ya sauka daga muƙaminsa, kotu ta ci kamfanin tarar yen 500,000 a 2017, kuɗin da mutane da yawa suka ga bai taka kara ya karya ba. A 2018 majalisar ƙasar ta yi dokar ƙayyade ƙarin lokacin aiki. Amma a lura, Dentsu katafaren kamfani ne, shi ya sa 'yan jarida suka yi masa caa, masu bincike suka shiga ofisoshinsa. Wa zai leƙa ofishin mutum takwas da ke wani lungu a saman bene?

Ko dokokin da aka yi domin kare ma'aikata, sau da yawa sukan tsallake ƙananan wurare. A Faransa, dokar da ta fara aiki a Janairun 2017 kan 'yancin ma'aikaci ya kashe waya bayan an tashi, ta ɗora wajibcin tattauna batun ne a kan kamfanonin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama. A Amurka, sashen dokar 1964 da ya haramta nuna bambanci a wurin aiki yana hawa ne kan mai ma'aikata 15 ko fiye. Ostareliya ta fara nata 'yancin ƙin amsa kiran aiki bayan lokaci a Agustan 2024, amma ƙananan kamfanoni sai da aka ɗaga musu ƙafa na shekara guda. Na fahimci dalilin, ba a son a danne ƙaramin ɗan kasuwa da takardu. Sai dai sakamakon shi ne, ma'aikacin da ya fi kowa kusanci da fushin maigida shi ne ya fi kowa nisa da kariya. Yarjejeniya ta 190 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2019 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki ta yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka, domin ta haɗa har da masu koyon aiki da masu neman aiki, amma ba ta aiki a ƙasa sai ƙasar ta rattaba hannu ta kuma aiwatar.

Ba na cewa duk mai ƙaramin kamfani azzalumi ne. Na san da yawansu su ma ba sa barci, wasu sukan hana kansu albashi don su biya yaransu. Yawancinsu gwanayen zane ne ko gwanayen jawo kwastoma da suka wayi gari suna shugabancin mutane ba tare da kowa ya koya musu ba. Ina tausaya musu. Amma tsoron da kake ciki bai ba ka lasisin zubar da mutuncin wani a gaban abokan aikinsa ba. Kuma ko ta fuskar riba, lissafin ba ya fita. Wani nazari da mujallar makarantar kasuwanci ta jami'ar MIT ta wallafa a farkon 2022 ya nuna cewa gurɓataccen yanayin aiki ya ninka batun albashi fiye da sau goma wajen hasashen ko ma'aikata za su bar kamfani. Kamfanin talla ba shi da injina ba shi da gona, jarinsa kawunan mutanensa ne. Duk wanda ya fita, ya fita da sanin halin kwastoma, da abin da yake so da abin da ba ya so, sabon da aka ɗauko kuma sai ya fara daga farko a cikin wutar da ta kori na baya.

Gyaran ba ya buƙatar wani babban kuɗi. Mai kamfani ya koyi ce wa kwastoma wannan ƙari ne, ga kuɗinsa, ga ranar da zai samu. A rubuta a kwangila sau nawa za a yi gyara. Idan za a yi wa ma'aikaci faɗa, a kira shi gefe, a soki aikin a bar mutumin. A faɗi sunan wanda ya yi abin kirki. Saƙon da ya zo tsakar dare ya jira safiya.

Su kuma ma'aikata, musamman ƙannenmu da ke shigowa yanzu, ku riƙa ajiye shaida: rana, lokaci, abin da aka faɗa, da wanda yake wurin. Ku nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce tun ranar farko, komai daɗin bakin da aka yi muku. Ku yi magana da juna, domin irin wannan wuri yana rayuwa ne a kan kowa ya zaci shi kaɗai ne matsalar. Idan barci ya ƙaurace, ko gaba yana faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara, a ga likita, kada a ce za a daure. Na san ba kowa ne zai iya ajiye aiki gobe ba, akwai masu iyali a wuyansu, ba kuma zan zauna a nan in ce wa kowa ya fita ba tare da ya san inda zai sa ƙafa ba. Amma ana iya fara neman ƙofa tun kafin ƙarfi ya ƙare.

Kuma idan an kira ka ganawar ɗaukar aiki, aka gama yi maka tambayoyi aka ce ko kana da taka, ka tambaya cikin ladabi mutum nawa ne suka zauna a wannan kujera cikin shekara biyun da suka wuce, kuma me ya tashe su. Ni ban tambaya ba. Sai bayan wata uku, ina neman wata takarda a durowar teburina, na ci karo da katunan shaidar aiki guda uku na waɗanda suka riga ni, an ɗaure su da roba an tura can ƙarshen lungu.