Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishina Daga Ma'aikatan Jinya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama.

Mai girma Kwamishina, shugabannin asibiti, iyayenmu mata da suka daɗe a wannan aiki, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Kowa ya shaida kai mutum ne mai zuwa ya gani da idonsa, shi ya sa tun da muka ji za ka zo muka yanke shawarar fara gabatar da kukanmu kafin komai. Muna roƙon a sa mana kwamfutoci, da intanet, da wutar sola a ɗaki guda a cikin asibitin nan, domin ma'aikatan jinya da ungozoma su riƙa karatun ƙarin ilimi ba tare da sun bar majinyata ba.

Jinya a Kano ba jiya aka fara ta ba. Tun shekarun 1920 aka buɗe asibitin cikin birni da yau ake kira Asibitin Murtala, a 1988 kuma aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Marasa lafiya na zuwa mana daga ƙananan hukumomi 44, daga Jigawa da Katsina, har daga Nijar. Da sanƙarau ya ɓarke a 1996, nas-nas ɗin Kano ne suka kwana tsaye. Haka aka yi lokacin korona a 2020. Haka aka yi a 2023, da mashaƙo ya fi ƙamari a jiharmu fiye da ko'ina a ƙasar nan, har wasu cikin matasanmu suka fara ganin cutar da a littafi kawai suka san ta. Tun wancan lokaci muke cewa da akwai hanyar da darasi guda zai isa ga kowa a rana ɗaya, da an rage wahala. An yaba mana, an yi alkawura, shiru har yau.

Ranka ya daɗe, ka san Hukumar Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ba ta sabunta wa mutum lasisi, duk bayan shekara 3, sai ya nuna shaidar kwas ɗin ƙarin ilimi. Doka ce mai kyau, muna goyon bayanta. Amma idan nas ɗaya ta tafi kwas, 'yar uwarta ce za ta haɗa aikin mutum biyu a ɗaki cike da gadaje, ga wasu gwanayenmu sun tafi Saudiyya da Ingila. Wasu darussan yanzu ana samunsu ta intanet, sai dai ka zo da safe ka ga yadda ake yi. Baiwar Allah ta sauka daga aikin dare, ta zauna gindin darbejiya da wayarta, ta sayi data da kuɗin cefane, bidiyo na tafiya yana tsayawa, ana tsaka da bayanin yadda ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa caji ya ƙare. Ga yara na jiran ta a gida.

Ɗakin muna da shi, mun share, mun yi fenti da kuɗin aljihunmu. Cikinmu akwai matasa da suka iya kwamfuta, sun ɗauki alkawarin zama da iyayenmu manyan sistoci har hannunsu ya faɗa, domin ba ma so a bar kowa a baya. Muna kuma fatan a shirya wasu darussan da Hausa, musamman na yi wa masu jego bayani.

Akwai maganar ƙarin ma'aikata da gyaran ɗakin hutawa, suna cikin takardar da za mu miƙa. Amma idan abu ɗaya za a fara yi, ranka ya daɗe, a fara da sola da intanet. Kwamfuta ba wuta kaya ce kawai a kan tebur.

Muna roƙon ka leƙa ɗakin kafin ka hau mota, yana nan kusa da ɗakin haihuwa, mabuɗin na hannun shugabarmu. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.

Kwamitin Ƙarin Ilimi na Ma'aikatan Jinya da Ungozoma